Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Kowa ya faɗi tasa a kan cikin nan nawa, kuma babu wanda ya faɗi daidai. Uwar mijina ta ce kwanciya ya yi, zai tashi ran da Allah ya nufa. Matan unguwarmu a Maigatari, waɗanda guga ba ya sauka rijiya a hannunsu sai da naman wani a baki, suka ce ƙarya na shirya don a riƙa dama mini fura da nono mai kauri. Wani ƙanen babana ya ce ai dama ya faɗa, yarinyar da ta shekara biyar a makarantar kwana Allah kaɗai ya san abin da aka ɗura mata. Duk shirme ne. Babu cikin da ya kwanta, don babu cikin. Jini ne ya ɗauke mini, wata goma sha uku ke nan, kuma a gidajenmu biyu babu wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Ni ma mai zagin mutanen ina da nawa kason, zan zo kansa.

Shekarata biyu a ɗaki kafin abin ya fara. Maigidana dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari. Yakan dubi bakin bijimi ya faɗi shekarunsa, ya yi ciniki da mutanen Damagaram hannu cikin riga, amma baƙin boko ko ɗaya bai sani ba. Malama yake kirana, rabi tsokana rabi alfahari. Gidan babba ne: Inna, wato mahaifiyarsa, da matan yayyensa biyu, sai ni ƙaramarsu.

A irin wannan gida mace ba ta da sirrin wata. Ba sai an tambaye ki ba, buta ce ke tona ki. Duk ranar da aka kira azahar kowa ta ɗauki butarta, tawa tana jingine a bakin ƙofa a bushe, an gama sanin labari. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba, in faɗi gaskiya. Butar kawai za ta kalla, ta kalli sama, ta ce, "Yau ma hutu ake." Shi ke nan. Wata ashirin da wani abu ina jin wannan kalma, har na fi son a zage ni.

To sai Rajab ya wuce da hutunsa, Sha'aban ya zo ya fita ban ajiye buta ba. Azumi ya kama cikin damina, na yi talatin cur, ban sha ko ɗaya ba. Ni ina ƙirge a kalandar da na liƙa bayan ƙofa, ashe Inna ma tana ƙirge da yatsunta. Babu wanda ya furta, don cikin fari abin kunya ne, ba a kiran sunansa. Ranar jajiberin salla ina tsakiyar daka sai na ji an riƙe taɓarya ta baya.

"Ajiye, 'yar nan."

"Inna, saura kaɗan ya yi laushi."

"Na ce ki ajiye. Gidan nan ba a rasa masu hannu ba."

Babbar facalata ta karɓa tana murmushi, ta ce, "Mun shiga uku, 'yar lakwal ta zama sarauniya." Haka suke ce wa makaranta, irin bakin tsallaken iyaka.

Na yi murna, kada wani ya ce ban yi ba. Na ciro littafin kimiyyar da na taho da shi daga makaranta, na buɗe shafin da aka zana jariri a naɗe, ina auna wata biyu da ɗan yatsana. Amma ni mutum ce mai gaggawa, kuma na ga bai kamata mai takardar sakandare ta dogara da shaidar buta ba. Na matsa wa maigidan sai ya kai ni asibiti a Gumel, inda na ji ana gwada fitsari a faɗa wa mace gaskiyarta.

Nas ɗin da ke wurin na santa. Tana gabana da aji uku a makaranta, ta taɓa sa ni cire ciyawa a rana saboda na ƙi gaishe ta. Ita ta aiko mini cewa in zo da fitsarin farko na safe a kwalba mai tsabta. Na wanke kwalbar maganin tari sau uku, na naɗe ta a tsohon ɗankwali, na matse ta tsakanin gwiwoyina a bayan a-kori-kura. Ga awaki, ga buhunan kanwa, ga wata tsohuwa da ta dame ni da tambayar ko man shanu ne na sayarwa.

Wani mutum mai farar riga ya karɓi kwalbar ta taga. Na zauna a benci har inuwa ta gajarta. Sai nas ta fito da 'yar takarda, kalma ɗaya a jiki da biro. Na karanta kafin ta buɗe baki.

"Babu, ƙanwata," in ji ta.

"Wata uku fa ban gani ba."

"Shi ya sa. Wata uku, da akwai da tuni ya nuna. Ki ba shi lokaci, wani sa'in jinin kan yi nawa."

Na fito. Maigidan yana gindin dalbejiya a bakin ƙofar asibiti, ya sayi gyaɗa yana ɓarewa a hularsa. Da ya hango ni ya miƙe har ɓawon ya zube masa a riga.

"Malama, me suka ce?"

Takardar tana hannuna. Ko na miƙa masa ba zai iya karantawa ba. Na dubi fuskarsa, na ji bakina ya ce, "Sun ce bai gama nunawa ba tukuna."

"Alhamdu lillahi. Ai komai ɗan lokaci ne."

Ya juye mini gyaɗar a tafin hannu. Ga nawa kason nan. Duk abin da ya biyo baya, a kan wannan magana tawa aka ɗora shi.

Kuma jikin nawa ma ya taya ni ƙaryar. A wata na huɗu nonona ya fara tsatsafo da wani ruwa fari-fari. Facalata ta ga tabo a rigata wurin wanki, kafin la'asar labari ya isa kunnen Inna. Inna ta yi hamdala ta sa aka yanka zakara. Ni kaina sai na ce to, wataƙila mai farar rigar ne bai iya aikinsa ba. Da rana idan kowa ya shige ɗaki, nakan kwanta rigingine a tabarma ina danna marata da yatsu, ina sauraro. Iska ta motsa in ce shi ne. Kaina kuma ciwo yake, wani ciwo a bayan idanu wanda ba ya tafiya ba ya kwantar da ni.

Da ciwon kan na fake na koma Gumel bayan babbar salla, da kwalbata a cikin zane. Takarda ta biyu, kalmar nan dai.

"Ki daina wahalar da kwalbar nan," in ji nas. "Wata biyar babu jini, ga ruwan nono, ga ciwon kai. Wannan ba aikin tagar nan ba ne. Likitan mata za ki gani a Kano, ya gano abin da ya tsare jinin, ya ba ki maganin da zai sauko da shi."

Na dawo gida na yi wauta. Ban faɗi abin da takarda ta ce ba, sai na ɗauko maganar ta wutsiya, na ce wa Inna an ce akwai maganin da ke sauko da jini. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Jinin wa?"

"Nawa, Inna."

"Jinin da ya taru ya zama mutum shi za a sauko da shi? La'ilaha illallahu. Ke da hankalinki? To ba a gidan nan ba."

Daga ranar ko ƙwayar ciwon kai aka hana ni. Aka daina sa kanwa a miyata.

Wata shida, cikina kamar faifai. Na yi ƙiba a kumatu da damatsa saboda ɗurar da ake mini, amma inda ake kallo babu komai. Matan rijiya suka fara. A nan ne Inna ta kira sunan abin. Ta ce cikin kwanciya ya yi, kuma ta san ranar. Wata Alhamis, ranar kasuwa, wani bijimi mai manyan ƙahoni ya tsinke igiya, ya bi lungu, ya faɗo mana gida ta zaure ina tsugune ina wanke-wanke. Na yi ihu na haye kan turmi. An yi haka, ban musa ba, har an yi mako ana yi mini dariya. Inna ta ce firgitar nan ce ta sa yaron ya dunƙule ya juya baya. Aka tambayi wani malami a unguwa, ya ce ƙwarai, ciki kan kwanta, malamai sun yi maganarsa, yakan kai shekaru. Littafina ya ce wata tara. Nasu ya girmi nawa, kuma ni ba ni da bakin musu tunda takarduna biyu suna ƙarƙashin akwati.

A wata na bakwai aka yi abin da al'ada ta ce. Mai cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wanka arba'in, sannan a maido ta. Na ce wane goyo, me za a goya? Inna ta ce ai kwantacce ba ya sallama in zai tashi, gara ya tashi ina gaban uwata. Aka ɗaure mini kaya aka kai ni Gagarawa.

Bayan mako ɗaya sai ga amalanke biyu na itace a ƙofar gidanmu, maigidan ya aiko na wankan jego. Ba ƙirare ba, manyan gumagumai na kirya da marke, irin waɗanda sai an shiga daji da nisa ake samu tun bayan shekarun farin nan. Aka jibge su a gefen rumbu, tsayin ƙirjina. Duk wanda ya shigo gidan da su yake fara gaisawa.

"Kai, wannan miji ya san darajar mace!"

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, don haka ba ta kiran sunana, balle ta zauna ta yi mini maganar ciki. Ta turo mini kwano, ta kau da kai. Al'amarina duk yana hannun Gwaggo, yayar babana, wadda ita ce ungozomar unguwar. Ranar da na iso ta kwantar da ni ta shafa cikin, ta daɗe tana shafawa, ta sauke mini riga ta ce, "To. Allah ya raya." Ba ta ƙara ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ba na daka, ba na zuwa rijiya, ba na ɗaukar ko tulu. In ci, in yi salla, in zauna a inuwar rumbu ina kallon itace. Watan da aka ƙirga mini ya zo cikin zafin bazara ya wuce. 'Yar ƙanen babana, wadda aka yi wa aure shekara guda bayana, ta zo nata goyon a gidan da ke jikin namu, da ciki har yana rinjayarta. Ta haihu, aka yi suna, itacenta ya ƙare a kwana na talatin. Uwarta ta leƙo ta katanga ta roƙi gungume biyu. Gwaggo ta ce a'a, wannan da mai shi. Ni na riƙa zuwa ina fifita musu wutar karan dawa, ina kallon ana fyaɗa mata ruwan zafi da ganye tana ihu tana dariya. Ta cika arba'in, aka yi mata kitso da lalle, ta koma ɗakinta. Ina nan.

Maigidan yakan zo Juma'a biyu sau ɗaya. Kunyar surukai ba ta barinsa ya wuce zaure. In fito in tsaya daga bakin ƙofa, shi yana tsugune yana juya hula.

"Malama. Ya jikin?"

"Jiki ƙalau."

"Ya... mutumin?"

"Yana barci."

"Wannan ya gado ni. Inna ta ce ni ma sai da aka yi ta fama."

"Kai a wata nawa ka fito?"

"Oho. Ai ba ni na ƙirga ba."

Ya yi dariya, ya ajiye ƙullin kilishi ko dabino, ya ce ɗakina ya yi masa faɗi, har ƙadangaru sun fara yi masa sallama. Sai ya tashi don kada motar Gumel ta tafi ta bar shi. Duka-duka bai fi a tafasa ruwa ba.

Gab da faɗuwar ruwa Inna ta aiko cewa akwai wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, ita aikinta ke nan, tayar da kwantaccen ciki. Gwaggo ta raka ni. Mota biyu muka hau, sauran muka taka cikin rairayi mai ƙona ƙafa. Tsohuwar 'yar firit ce, haƙoranta ja da goro. Ta shafe mini ciki da man shanu, ta kifa ƙaramar ƙwarya a kai ta kara kunne, ta ƙwanƙwasa.

"Yana nan. Namiji ne, ga shi can ya lafe a kwiɓi. Kai! Tashi, malalacin banza! Uwarka ta gaji, ubanka ya tara itace!"

Matan da ke tsakar gidan suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don cakulkuli nake ji. Ta ba ni saiwoyi a ƙulle, in jiƙa in sha safe da yamma.

Gwaggo ta shiga yi mata sallama, ni na zauna a gindin wata aduwa kusa da wata mata. Za ta girme ni da shekara goma ko fiye, siririya, da furfura biyu-uku a gaban goshi. Tana riƙe da irin ƙullin saiwata.

"Ke ma naki kwanciya ya yi?" ta tambaye ni.

"Haka aka ce. Naki wata nawa?"

"Wata? Daminar nan shekara huɗu."

Na juyo na dube ta sosai.

"Kina ina yanzu?"

"Gidanmu. Ai tun da aka kawo ni goyo."

"Mijin fa?"

"Yana zuwa gaisuwa. Mutumin kirki ne, bai taɓa gajiya ba." Ta ɗora hannu a mararta, wadda ta fi tawa shafewa. "Jiya ma na ji ya ɗan juya. Wannan karon kam ina jin ya kusa."

Ba mahaukaciya ba ce. Da mahaukaciya ce da na samu sauƙi. Magana take a natse, irin yadda nake yi wa maigidan a zaure. Har ta ba ni shawara in riƙa shan jiƙon da ɗumi, ya fi ratsa jiki.

A hanyar dawowa muka sauka Gumel wurin wata 'yar uwar Gwaggo. Washegari da safe na ce zan je a duba mini ciwon kai. Na samu kwalba a gidan na wanke. Takarda ta uku. Wannan karon ko zama ban yi a benci da wani fata ba, na san abin da za a rubuta, so nake kawai in gan shi sau uku.

Nas ta ja ni wani ɗaki ta tura ƙofa.

"Ke wai ba na ce ki je Kano ba? Ina mijin naki?"

"Yana Maigatari."

"Ke kuma daga ina?"

"Gagarawa. Goyon ciki."

"Goyon me? Tun yaushe?"

"Wata biyar."

Ta ajiye biro. Ta dube ni kamar ranar da ta kama ni ban gaishe ta ba.

"Ke da kika ci jarrabawar kimiyya. To a ce ma lafiyarki ƙalau, kina Gagarawa yana Maigatari, cikin a ambulan za a aiko miki da shi?"

Tun a gindin aduwar nan nake wannan lissafi, ita dai ta faɗe shi da ƙarfi ne. Ina neman haihuwa, an raba ni da miji don in jira haihuwa, an hana ni magani don kada a taɓa abin da babu. Ta rubuta wasiƙa zuwa ga likitan mata a Kano ta liƙe. Ta ce lallai da mijin za mu je, don shi ma za a yi masa tambayoyi. Ta ce ba ta yi mini alkawarin komai ba, wasu a kan dace, wasu ba a dacewa, amma ko ba don haihuwa ba ciwon kan nan ya isa a duba.

Muka koma Gagarawa, ruwa ya sauka. Itacen nan ya sha ruwa ya bushe, ya sake sha. Wata safiya na ga gara ta yi gini a gindinsa, jar ƙasa ta hau gumaguman ƙasa har ta rufe biyu. Na sa ƙafa na taka ɗaya, ya burma kamar ɓawon gyaɗa. Gwaggo tana gefe tana kaɗi. Na shiga ɗaki na ɗauko takardun uku na shimfiɗa mata a tabarma.

"Gwaggo, kin san abin da aka rubuta a nan?"

"Ina zan sani, ni da ban yi boko ba?"

"An rubuta babu. Wannan babu, wannan babu, wannan ma babu. Ba ni da ciki, Gwaggo. Ban taɓa yi ba."

Ko mazarin ba ta tsayar ba.

"Sai yau kika sani?"

"Me kika ce?"

"Hannun nan ya taɓa cikin da ya fi gashin kanki yawa. Tun ranar da aka kawo ki na shafa na ji wayam."

"Kika yi shiru? Kika bar ni wata shida ina gadin itace? Kika ja ni har Sule Tankarkar aka ƙwanƙwasa mini ƙwarya?"

"Rage murya, uwarki na ji." Ta naɗe zaren a hankali. "Ke yarinya ce, bakinki ya riga hankalinki. Mace mai kwantaccen ciki, me ake kiranta? Mai ciki. A ba ta inuwa, a ba ta nono, mijinta ya riƙe kansa a kasuwa. Wadda ta shekara uku babu ko ɓari, kin san sunan da ake ba ta. In faɗa miki?"

"Juya."

"To. Ni ban ƙirƙiro shi ba, na tarar ana yi. Akwai wanda ke kwanciya da gaske, na gani da idona. Akwai kuma wanda zane ne ake yafa wa mace kafin Allah ya dube ta. Na ga kin zo da shi a yafe, sai in fizge?"

Ban ji haushinta yadda na so in ji ba. Ita rufin asiri ta yi mini, irin wanda ta iya. Amma na tuna matar gindin aduwa. Ita ma wani ne ya yafa mata, da kyakkyawar niyya, ga ta nan shekara huɗu a ciki tana shan jiƙo da ɗumi.

"Gwaggo, in na zauna a nan, ta ina Allah zai dube ni?"

"Kada ki yi saɓo."

"Ba saɓo ba ne. Ko gona sai an je an shuka."

Ta yi tsaki, ta ce bokon nan bai bar mini kunya ko ta sisin kwabo ba. Can kuma ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "In kin fasa ƙwaryar nan ba ta ɗinkuwa. Sunan da kike gudu za a kira ki da shi a bakin rijiya, kina ji."

Na sani. Kwana huɗu ke nan ina juya shi. Sha'aban ya raba, azumi yana ƙofa, kuma in na zauna zan sake yin talatin cur a gidan ubana, kowa yana yi mini sannu da nauyi. Na gaji da sannun. Na gaji da kwalba, da saiwa, da danna mara da rana tsaka. Gajiyar har ta fi tsoron sunan.

Jibi Alhamis, motocin kasuwa za su tashi zuwa Maigatari tun da hantsi. Zan hau ɗaya, ba aike, ba rakiya. Ba zan tsaya a zaure ba, ɗakina zan shiga in kori ƙadangarun. In ya dawo daga kara, wurin cinikin shanu, ya wanke ƙafa ya ci abinci, zan ɗauko takardun in karanta masa su ɗaya bayan ɗaya da Hausa, in fara da ta gindin dalbejiya, in ce masa ranar nan ƙarya na yi maka, ba a ce bai gama nunawa ba, cewa aka yi babu. Ban san yadda fuskarsa za ta yi ba. Mutum ne da ya shiga daji neman kirya saboda maganata, yana da haƙƙin ya yi fushi. In ya huce, zan ba shi wasiƙar nas ya riƙe da hannunsa, in ce ya sa ranar Kano kafin a ga wata. Inna kuma ni zan faɗa mata da bakina, ba zan bar masa wannan ba. Duk maganin da likita ya ba ni zan sha, ko da mai sauko da jinin ne.

Itacen kuwa na ce wa Gwaggo a fara girki da shi tun gara ba ta gama ba, a miƙa wa maƙwabta na kirkin ta katanga. Ta ce ita ba za ta taɓa ba sai ta ji daga Maigatari. Na ce to, za ta ji ran Juma'a.